Yadda nake karɓar jingar aji mai ɗalibai sama da 300 ta waya

Kwas ɗin da nake koyarwa na gama-gari ne, irin wanda duk ɗan shekarar farko sai ya ɗauka, don haka ajin ya haura mutum 300. Kusan kowa yana da wayar Android ko yana da wanda zai ara masa, masu kwamfuta kuwa ba su da yawa. A irin wannan aji ɗalibi zai turo maka aiki ta kowace kafa ka buɗe masa, har da wadda ba ka buɗe ba. Nauyin yana kan malami: wannan fayil na wane ne, yaushe ya shigo, yana buɗuwa ko ba ya buɗuwa, kuma idan wani ya tsaya a ƙofar ofis ya ce "Malam, wallahi na turo", da me za a raba gardama? Hanyar da ba ta amsa waɗannan tambayoyi da kanta ba, aiki kawai za ta ƙara maka.

Da WhatsApp kowa yake fara tunani, tunda kowane aji yana da zaurensa, kuma zaure ɗaya yana ɗaukar mutum 1,024. Amma wajen karɓar jinga ya gaza ta fuska da dama. Idan aka turo aiki cikin zaure, kowa ya gani, wanda bai yi ba ya sauke na wani ya canja suna. Idan aka turo wa malami kai tsaye, saƙonni ɗari uku za su cakuɗe da na 'yan'uwa da na sanarwar ɗaurin aure. Hoton da aka tura a matsayin hoto manhajar tana matse shi, sai rubutun biro ya dushe, musamman ƙananan lambobi. Sunan da hoton yake zuwa da shi ba ya cewa komai a kan mai shi, irin IMG-20250312-WA0007 ne, kuma lambar wayar da ta turo sau da yawa ta yayan ɗalibar ce ko ta mai shagon buga takardu. Ga kuma wata: fayil ɗin da ba ka sauke da wuri ba, bayan wani lokaci ka taɓa shi sai a ce ka nemi mai shi ya sake turowa. Na bar wa WhatsApp aiki ɗaya, wato sanarwa. Zauren kwas ɗin a kulle yake, ni da wakilin aji kaɗai muke iya rubutu a ciki.

Imel ya fi shi tsari, don yana riƙe lokacin da saƙo ya shigo. Sai dai Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabait 25 a maƙale. Idan ya wuce sai ya mayar da shi mahaɗin Google Drive, ɗalibi kuma ya manta bai ba ka izinin buɗewa ba. Ko ka ce a rubuta lambar rajista a kan saƙon, wasu za su bar wurin fayau, wasu su rubuta "Assalamu alaikum Malam". Sauke fayil ɗari uku ɗaya bayan ɗaya kuma aikin yini ne.

Google Classroom an gina shi ne don wannan aiki, kuma ga ƙaramin aji shi nake ba da shawara. Yana nuna wanda ya miƙa, wanda ya makara da wanda bai kawo ba, kana ba da maki kana mayar wa ɗalibi aikinsa a wuri ɗaya. Abin da ya hana ni amfani da shi a wannan kwas iyakar adadi ce: ajin da aka buɗe da asusun Gmail na kashin kai ba ya wuce mutum 250, sai makaranta tana da asusun Google na makarantu sannan ya kai 1,000. Google ma da kansa yana gargaɗin cewa makarantu su yi amfani da asusun makaranta, ba na kashin kai ba. Wanda zai yi aiki da shi ya san abu guda da ke yawan faruwa: ɗalibi ya ɗora fayil amma bai danna maɓallin "Turn in" ba, sai manhajar ta lissafa shi cikin waɗanda ba su kawo ba; wani kuma ya danna maɓallin gamawa ba tare da ya ɗora komai ba, sunansa ya fito cikin waɗanda suka kawo. Idan makarantarku tana da Moodle (manhajar koyarwa da makaranta ke ɗorawa a kan sabarta, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin) mai aiki, to ku yi amfani da shi, don yana da ranar ƙarshe da ranar rufe ƙofa daban-daban, kuma yana sauke duk ayyukan aji a dunƙule guda. Sharaɗinsa shi ne a samu mai kula da sabar, kuma sabar ta jure ranar da kowa ya shigo lokaci ɗaya.

Abin da na tsaya a kai shi ne Google Forms, fom mai wurin ɗora fayil. Ga yadda nake haɗa shi.

Da farko asusun Gmail daban nake buɗe wa koyarwa. Kowane asusu na kyauta yana da gigabait 15, kuma wannan wuri ɗaya ne imel da Drive da hotuna suke rabawa. Duk fayil ɗin da ɗalibi ya ɗora a fom, a wurin mai fom ɗin yake zama, ba a na ɗalibin ba. Idan asusunka ya cika da hotunan biki, fom zai daina karɓar aiki ana tsakiyar turowa.

Tambayoyin fom ɗin huɗu ne kacal, kuma dukkansu dole ne a amsa: cikakken suna, lambar rajista, sashe, sai wurin ɗora fayil. Sashe ba na bari a rubuta shi da hannu, jerin zaɓi nake sakawa, don in an bar wa ɗalibai, sashe ɗaya sai ya fito da rubutu iri biyar, tacewa ta gagara. Lambar rajista ita ce ƙashin bayan tsarin, saboda haka a kanta nake ɓata lokaci. A ƙasan tambayar akwai ɗigo uku. A ciki akwai wurin gindaya sharaɗin amsa. Nan nake sa fom ya ƙi karɓar lambar da ba ta dace da tsarin makarantarmu ba, kamar wadda ta gaza adadin haruffa ko wadda aka bar fili a tsakiyarta. Sai in rubuta misali ɗaya a ƙasa don a kwaikwaya. Idan lambar rajistarku zallar lambobi ce kuma tana farawa da sifili, a lura: teburin Google Sheets da amsoshin fom suke zuba a ciki yakan cinye sifilin farko, 00456 ta koma 456. Maganinsa shi ne a mayar da wannan layi na tsaye ya zama na rubutu, ko a sa ɗalibai su fara da harafin sashe.

A wurin ɗora fayil abubuwa huɗu ake saitawa. Nau'in fayil: PDF kaɗai. Adadi: ɗaya, cikin zaɓin 1, 5 ko 10 da fom yake bayarwa. Girma: megabait 10, zaɓin da ke ƙasa da shi megabait 1 ne, wanda ya yi wa aikin hannu mai shafi biyar kaɗan, na sama kuma 100 ne, wanda ya yi yawa. Na huɗun shi ne wanda mutane suka fi mantawa, wato jimillar abin da fom ɗin gaba ɗaya zai karɓa. Yana zuwa a gigabait 1, kuma da zarar ya cika fom ya rufe kansa. Yi lissafi: mutum 300, kowa megabait 5, ya kai gigabait ɗaya da rabi. Ke nan waɗanda suka zo a ƙarshe za su tarar da ƙofa a rufe. Ina ɗaga shi zuwa gigabait 10 tun kafin in raba fom.

Dalilin dagewa a kan PDF ya fi ɗaya. Takardar da aka rubuta a WPS Office a waya idan aka buɗe ta a Word a kwamfuta, tebur yakan karkace, shafi ya zame. Mai rubutu da Hausa kuma yana da ƙarin matsala: idan an yi amfani da tsofaffin nau'ukan haruffan Hausa da ake sakawa a kwamfuta, ƙ da ɗ da ɓ sukan koma wasu alamomi a na'urar da ba ta da irin wannan rubutu. PDF yana daskarar da shafi yadda mai shi ya gan shi. Sannan yana tilasta wa mai shafi biyar ya haɗa su a fayil ɗaya bisa tsari, maimakon hotuna biyar da ba a san na farko ba.

Cikin saitin fom akwai abu biyu da nake kunnawa. Na farko karɓar adireshin imel da aka tabbatar, wanda fom yake ɗauka daga asusun da aka shiga da shi. Na biyu aika wa mai amsa kwafin amsarsa a kowane lokaci. Wannan kwafi shi ne rasit. Na sanar tun ranar farko cewa duk wanda bai ga wannan saƙo a imel ɗin da ya turo da shi ba, ya ɗauka aikinsa bai iso ba. Tun daga nan maganar "na turo" ta zama gajera: "To, malama, nuna min rasit."

Akwai maɓallin da ke hana asusu ɗaya amsawa fiye da sau ɗaya. A ido kamar shi ne daidai, amma ni a kashe nake barin sa, kuma da gangan. A ajinmu mutum uku sukan yi amfani da waya ɗaya. Wasu a shagon buga takardu ake buga musu aiki, mai shagon ya tura da asusunsa. In ka kunna wannan maɓalli, na farko ya wuce, sauran su maƙale. Haka wanda ya ɗora fayil ɗin da ba shi ba, ba shi da hanyar gyarawa sai ya kira ka. Dokar da na kafa ita ce: kana iya turowa fiye da sau ɗaya, na ƙarshe kafin cikar wa'adi shi zan duba. Illar hakan ita ce wani zai iya turo abu da lambar wani, amma adireshin imel ɗin da ya turo yana nan a rubuce, ba ya ɓuya.

Wannan ne ma ya sa ba na dogara da sunan fayil. Fom yana liƙa sunan mai asusun a ƙarshen sunan kowane fayil, don haka za ka ga ayyuka goma ɗauke da sunan shago ɗaya, ko wani laƙabi da ɗalibi ya sa wa kansa tun yana sakandare. Duk da haka ina neman a sa wa fayil lambar rajista da lambar kwas. Sai dai a tuna cewa kwamfuta mai Windows ba ta yarda da alamar / a sunan fayil, lambobin rajistarmu kuwa cike suke da ita. A maye ta da gajeren layi. Abin da ya fi duk wannan amfani shi ne a rubuta suna da lamba a saman kowane shafi na aikin kansa, da biro idan na hannu ne.

Kafin jingar gaske, sai na ba da ta gwaji: kowa ya rubuta sunansa da lambarsa a takarda, ya yi mata sikanin, ya ɗora. Maki kaɗan nake sa mata don a ɗauke ta da muhimmanci. A nan duk matsalolin suke fitowa tun ba su da tsada. Fom mai wurin ɗora fayil ba ya buɗuwa sai an shiga da asusun Google, kuma ɗalibai da yawa mai sayar da waya ne ya buɗe musu Gmail, ba su taɓa sanin kalmar sirrinsa ba. In asusun yana kan wayar, Chrome yakan shiga da shi kai tsaye, shi ya sa nake cewa a buɗe fom da Chrome. Masu buɗewa da Opera Mini, musamman in an kunna tsananin tattalin data, su ne suka fi kawo ƙarar cewa maɓallin ɗorawa ya ƙi motsi. Wanda ya manta kalmar sirri gaba ɗaya kuma, gara ya buɗe sabon asusu a makon gwaji da ya tsaya nema a daren ƙarshe.

Sikanin ma sai an koyar, minti goma a aji ya isa. Manhajar Google Drive da ke kusan kowace wayar Android tana da alamar kyamara da ke ɗaukar shafi ta mayar da shi PDF. Adobe Scan da CamScanner ma suna yi. A shimfiɗa takarda a kan abu mai duhu don manhaja ta gane gefenta, a ɗauka da rana kusa da taga, a riƙe waya daidai saman takardar ba a karkace ba, a kashe fitilar kyamara don tana wanke tsakiyar shafi. Biro baƙi ko shuɗi mai kauri. Fensir ba ya fita. A ƙara shafi na biyu da na uku cikin fayil ɗin farko, kada a ajiye kowanne daban. In aka zaɓi baƙi da fari, shafi yakan tsaya a 'yan ɗaruruwan kilobait, alhali hoton kyamara kai tsaye yakan kai megabait uku zuwa biyar. Bambancin nan kuɗi ne a aljihun ɗalibi, balle tun da hukumar NCC mai kula da harkar sadarwa ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗin da ya kai kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Ƙaramin fayil kuma shi ne yake iya wucewa a inda sabis ke rawa.

Wa'adi ba na sa shi sha biyun dare. Ƙarfe huɗu na yamma nake sawa, ranar aiki. Wanda ya maƙale zai iya samun wakilin aji, ko ya hau Wi-Fi na ɗakin karatu inda akwai, ko ya je shago ya yi caji idan babu wuta a unguwa. Da tsakar dare babu ko ɗaya cikin waɗannan. Idan lokaci ya cika ba na rufe fom nan take. Ina barin sa a buɗe kwana biyu, tunda kowace amsa tana shigowa da ranarta da lokacinta, wanda ya makara kuma a rage masa makin da aka sanar tun farko. Bayan nan sai in kashe karɓar amsa, in bar saƙon cewa an rufe. Abu ɗaya da ya kamata a duba kafin a hukunta kowa da makara: agogon teburin. A saitin Google Sheets a tabbatar yankin lokaci na Legas ne, kuma a san ko wata ne yake fara zuwa ko rana, don 03/04 tana iya zama 3 ga Afrilu ko 4 ga Maris.

Amsoshin duka suna zuba cikin tebur ɗaya: lokaci, imel, suna, lamba, sashe, da mahaɗin fayil. A shafi na biyu na teburin nake liƙa jerin sunayen da aka yi wa rajistar kwas ɗin daga ofishin sashe. Gefen kowace lamba ina sa ƙa'idar COUNTIF ta ƙirga sau nawa lambar ta fito a shafin amsoshi. Sifili, bai kawo ba. Ɗaya, lafiya lau. Biyu ko fiye, a ɗauki na ƙarshe. Sai in juya lissafin, in nemo lambobin da suka turo aiki amma ba sa cikin jerin rajista. Waɗannan ko kuskuren rubutu ne, ko masu maimaita kwas ne da ba su kammala rajista ba, kuma gara a gano su yanzu da a gano su ranar haɗa sakamako. A yammacin ranar nake saka jerin lambobin da ba a ga aikinsu ba a zaure, lambobi kaɗai ba suna.

Washegari, tun kafin in fara ba da maki, sai na leƙa kowane fayil. A Drive, idan aka mayar da folda zuwa tsarin ƙananan hotuna, shafin farko na kowane aiki yana bayyana, sai ka hango fari fat, da wanda ya kife, da wanda takardar biyan kuɗin makaranta ce aka ɗora bisa kuskure. Akwai kuma fayil ɗin da ba ya buɗuwa sam. Wani sabis ne ya yanke masa, wani kuwa dabara ce ta sayen lokaci: a ɗauki wani abu daban a canja masa suna ya koma PDF. Ba na tsayawa binciken niyya. Awa 24 nake bayarwa a sake turowa, kuma na sanar tun farko cewa buɗe fayil a tabbatar yana aiki kafin a tura nauyin ɗalibi ne. Amfanin dubawa da wuri shi ne dabarar ba ta sayo wa kowa fiye da kwana ɗaya.

Jera fayiloli bisa girma yana tona wani abu. Biyu da girmansu ya zo daidai har kilobait, kuma daga asusu ɗaya, sun cancanci a buɗe su gefe da gefe. Wannan ba hujjar satar amsa ba ce, tunda mun yarda a yi aron waya, amma yana nuna inda za a fara dubawa. Sau da yawa shafin farko ne kawai ya bambanta.

Foldar da fom ya ƙirƙira a Drive kada a goge ta ko a jefa ta kwandon shara muddin fom yana aiki. Idan ta ɓace, fom yana tsayawa har sai an dawo da ita. Da an rufe karɓa nake sauke foldar gaba ɗaya zuwa kwamfuta. Tana zuwa a dunƙule, idan ta yi girma kuma Drive ya raba ta gida-gida, don haka a ƙirga fayilolin bayan an warware a ga sun yi daidai da na tebur. Daga nan ana iya dubawa ko babu intanet. Maki a teburin nan nake shigar da shi, layi ɗaya gefen lambar rajista, kuma ba na raba wa kowa mahaɗin teburin, don yana ɗauke da imel da makin mutane, irin bayanan da dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da su alhakin tsarewa.

Saura waɗanda ba su da babbar waya kuma ba su sami aro ba. Ba su da yawa, amma a kowane aji akwai su, kuma ba daidai ba ne makinsu ya dogara da abin da ba su mallaka ba. Su kawo a takarda kafin cikar wa'adi, wakilin aji ya yi sikanin da wayarsa a gabansu, ya cika fom da lambarsu, su ga saƙon karɓa da idonsu. Ta haka aikinsu yana shiga tebur ɗaya da na kowa. Filash kuwa ba na karɓa ko kaɗan. Wanda ya zaga shagunan buga takardu yawanci yana ɗauke da bairos ɗin nan mai ɓoye folda ya bar gajerun hanyoyi na bogi, kuma kwamfutar da ke riƙe da sakamakon ɗalibai ba wurin gwada shi ba ce. Idan sabis ya ɗauke a gari gaba ɗaya ranar wa'adi, ina ɗaga wa'adin ga kowa da kwana ɗaya, in sanar ta bakin wakilin aji da kuma allon sanarwa na sashe.

Jinga ta biyu ba sai an sake gina komai ba. A kwafi fom ɗin, a canja take, a duba cewa jimillar gigabait ɗin tana nan yadda aka saita ta, a haɗa shi da sabon shafi a tsohon teburin don makin zango duka ya taru wuri ɗaya. Kowace jinga da nata fom. In aka yi amfani da guda ɗaya, ayyukan mako na uku da na bakwai za su haɗu a folda ɗaya, kuma ƙirgen COUNTIF zai nuna biyu ga wanda ya kawo kowanne sau ɗaya.